Amsa ga mai tambaya kan wuraren ziyara a Greenwich

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, cewa za ka zo Landan na mako guda, masaukinka yana gefen Greenwich, kana tunanin ko akwai abin kallo a unguwar ko kuwa sai ka riƙa shiga tsakiyar gari kullum. Na zauna a wannan yanki na wasu shekaru, kuma duk baƙon da ya sauka wurina sai na kai shi, shi ya sa na ce bari in ba ka amsa a tsanake.

Gaskiya ka faɗa a gefen da ya dace. Ware wa Greenwich wuni guda cur, kada ka haɗa shi da wani wurin. Af, mutanen wurin "Girinij" suke cewa, ba sa furta W ɗin, kada ka yi ta maimaita wa direban bas yana kallonka.

Ka san yadda masu karanta labarai a rediyo ke cewa "ƙarfe kaza agogon GMT"? To G ɗin nan Greenwich ce. A kan wani tudu cikin lambun unguwar akwai gidan nazarin taurari, Royal Observatory, wanda Sarki Charles na Biyu ya sa aka gina a 1675. A 1884 aka yi taro a Washington, ƙasashe suka amince layin da ya ratsa wannan gida shi ne sifili, daga gare shi ake ƙirga gabas da yamma. Layin in ka bi shi kudu ya ratsa Faransa, Sifen, Aljeriya, Mali, Burkina Faso, ya taɓa Togo, ya faɗa teku ta Tema a Gana.

Abu na farko: ka kasance a kan tudun kafin ƙarfe ɗaya na rana. A saman ginin akwai wata jar ƙwallo a jikin sanda. Saura minti biyar ta hau rabi, saura minti biyu ta kai ƙololuwa, ɗaya daidai ta sauko. Tun 1833 ake yin haka domin matuƙan jiragen ruwa da ke kan kogin Thames su saita agogunansu. Ba sai ka biya ba, daga waje ake gani. Na taɓa kai wani kawuna, muka tsaya hutawa a rabin hawa saboda gwiwarsa, muna isowa ƙwallon na ƙasa, mutane na watsewa. Har yau in muka yi waya sai ya tuna mini. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, in kana tare da dattijo ko keken jariri, ku zagaya ta babbar hanyar lambun, ko ku shigo ta ƙofar sama, wajen Blackheath. Kuma ranar da iska ta yi ƙarfi ba sa ɗaga ƙwallon.

Shiga cikin gidan sai da tikiti. Yawancin mutane don hoto suke biya, a bi dogon layi, a sa ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma a kan ƙarfen da aka shimfiɗa a tsakar gida. In hoton kawai kake so, akwai guntun layin a wajen katanga, ta wata 'yar ƙofar ƙarfe da ke ƙasan farfajiyar, kyauta. Kuma kada ka yi mamaki in ka buɗe taswirar wayarka ka ga ba ta nuna sifili ba. Sifilin da tauraron ɗan Adam ke aiki da shi yana kusan mita 100 gabas da ƙarfen, can cikin ciyawa inda babu mai ɗaukar hoto.

Ni abin da nake ganin ya cancanci kuɗin shi ne agogunan John Harrison. A da, matuƙi a tsakiyar teku yana iya gane nisan da ya yi arewa ko kudu ta hanyar rana da taurari, amma gabas da yamma sai kintace, jirage suka yi ta halaka. Dabarar kuwa lissafi ce mai sauƙi: duniya na juya digiri 15 a kowace awa, don haka in ka san ƙarfe nawa ne a tashar da ka baro, ka kwatanta da tsakar ranar inda kake, ka san matsayinka. Matsalar ita ce samun agogon da girgizar jirgi da zafi da sanyi ba za su rikita ba. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladar fam 20,000. Harrison kafinta ne, shi ya koya wa kansa gyaran agogo, ya kwashe shekaru da dama a kai. Za ka ga agogonsa na farko, ƙato na tagulla mai hannuwa suna lilo suna kusantar juna suna rabuwa. Sai ka matsa ka ga na huɗu, wanda ya gama a 1759, da kaɗan ya wuce faɗin tafin hannu. Na tsaya gabansa na fi minti goma ranar farko, yara na ta jan rigata.

Kafin ka sauko, tsaya kusa da gunkin Janar Wolfe ka kalli arewa. Fararen gine-ginen tsohuwar kwalejin sojan ruwa a ƙasa, kogi a bayansu, dogayen benayen Canary Wharf a ƙetare. A jikin katangar ƙofa kuma akwai agogon 1852 mai awa 24, wanda ke rikita kowa a kallon farko.

A gindin tudu akwai gidan tarihin harkokin teku, National Maritime Museum, shiga kyauta. Rigar da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ke sanye da ita lokacin da aka harbe shi a yaƙin Trafalgar a 1805 tana nan, da hudar harsashi a kafaɗa. Akwai kuma sashen cinikin bayi ta Tekun Atlantika, kada ka wuce shi da sauri. Queen's House na maƙwabtaka shi ma kyauta ne, zane-zane ne galibi. Painted Hall kuwa, zauren mai zanen silin da ke cikin tsohuwar kwalejin sojan ruwa, ana biya. In ba ka damu da zanen silin ba, ka tsallake, ba ka yi asarar wuni ba.

A bakin kogi za ka ga Cutty Sark, jirgin ruwa mai filafilai da aka ƙera a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga Sin, daga baya ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostareliya. Gobara ta ci shi a 2007, aka gyara aka sake buɗewa a 2012, an ɗaga shi sama yadda za ka bi ta ƙarƙashinsa. Yara na sonsa, babba kuma kallon waje ma na iya isarsa. Kasuwar Greenwich mai rufi na nan kusa don abincin rana, sai dai ranakun Asabar da Lahadi cunkoso ya yi yawa.

Sai batun hanya. Ranar da ka shiga tsakiyar gari, ka dawo ta jirgin ruwa daga Westminster, ka bi ta ƙarƙashin Tower Bridge. Ya fi jirgin ƙasa tsada da jinkiri, amma ko sau ɗaya ne ka gwada. Don salla, jirgin ƙasa na DLR zai kai ka unguwar Lewisham, akwai masallaci a babban titinsu. In a Disamba za ka zo, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ka fita da wuri da rigar sanyi mai kauri. Ka kuma leƙa shafin intanet na gidajen tarihin nan kafin fita, suna yawan rufe wani sashe don gyara.

Na kusa mantawa: dab da Cutty Sark akwai ɗan zagayayyen gini mai ƙubbar gilas. Ƙofar ramin ƙafa ce da aka buɗe a 1902 don ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya bi ta ƙarƙashin kogi kimanin mita 370. Kyauta ne, da ɗan danshi da amsa-kuwa a ciki, wani lokaci lif ɗin ba ya aiki sai matakala. Ka fita ta Island Gardens ka juyo, daga nan ne za ka samu hoton da ya haɗa kwalejin da tudun gaba ɗaya. Allah ya kawo ka lafiya.