Akwatin Tambayoyi: Bashin moto zai hana ni shiga soja?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan rabinsu kan shiga soja da jandarma ne, kuma ba abin mamaki ba ne, da an ji ƙishin-ƙishin ɗauka sai ka ga samari sun yi dafifi bakin lajistis, wato kotu, suna neman takardu. Na tsamo uku da suka taɓo binciken da ake yi wa mutum kafin a miƙa mishi kaki da bindiga.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi unguwar Ali Ɗan Sofo, shekarata 22, ina da BEPC kuma tun ina yaro burina soja ne. Matsalata biyu ce. Na ɗauki moto bashi wajen wani alhaji ina biya duk sati, da aka rufe boda a 2023 aiki ya ja baya, tun daga nan biyan ya riƙa tsinkewa, yanzu saura jikka 180 a kaina kuma wata huɗu ke nan ban kai mishi ko dala ba, har layin gidanshi na daina bi don kunya. Ta biyu, an taɓa yin faɗa a fadarmu aka kwashe mu zuwa komisariya na kwana ɗaya, da safe mai unguwa ya zo aka sake mu. Abokaina wasu sun ce in an zo anket, wato binciken hali, shi ke nan an soke sunana, wasu sun ce in ja bakina in yi shiru ba wanda zai sani. Don Allah Baba wanne zan kama?

AMSA: Ɗana, kar ka kama ko ɗaya, duka biyun za su kai ka su baro ka.

Mu fara da takarda. Kaziyen da ake cewa ka kawo, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta ka, wanda ake karɓa a kotun inda aka haife ka kuma galibi ana son wanda bai wuce wata 3 da fitowa ba, hukuncin alƙali ne ake rubutawa a ciki. Kwanan da ka yi a komisariya aka sallame ka ba tare da an kai ka gaban alƙali ba, wannan ba hukunci ba ne, ba zai hau kaziyenka ba. Bashin alhaji ma haka, cin bashi ba laifi ba ne a doka. Amma ka saurara da kyau a nan, ranar da ka sayar da moton nan alhali ba ka gama biya ba, ko ka tsallaka da ita Jibiya ka ɓace, to magana ta tashi daga bashi ta koma cin amana, alhaji na iya kai ƙara, kuma in alƙali ya yanke maka hukunci wannan kam zai zauna a takardarka. Don haka duk matsin da za ka shiga moton nan kar ta bar hannunka.

Sai dai kaziye ba shi kaɗai ba ne. Akwai binciken hali, wanda kuke ce ma anket, kuma shi ba a ofis yake ƙarewa ba, unguwa ake shigowa. Ni na taɓa gani da idona. Wata rana bayan la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga wani bisa moto da kayan gida, ya yi sallama ya nuna mini katinshi ya fiddo ɗan littafi, ya ce ya zo tambaya ne kan ɗan maƙwabcina da ya ajiye takardu. Tun yaushe na san shi, da wa yake yawo, yana shaye-shaye, ya taɓa ɗaukar abin wani, yaya yake da iyayenshi. Na faɗi abin da na sani. Ina tsammanin ya gama sai na ga ya tsallaka wajen mai shagon da ke kwanar layi, wanda ba wanda ya ba shi sunanshi. Yaron kuwa yana da bashi a shagon. Mai shago bai yi dogon bayani ba, littafin bashi ya jawo daga ƙarƙashin teburi ya buɗe shafin yaron, sukari, sabulu, taliya, kowane layi an ja mishi biro an soke sai biyu na ƙarshe, ya ce yaron nan yana ci amma yana biya, kuma bai taɓa canza hanya don ya gan ni ba. Mutumin ya rubuta ya hau motonshi ya tafi.

Wannan maganar ta ƙarshe ta mai shago ita ce ta sa na damu da saƙonka, inda ka ce ka daina bin layin alhaji. Jikka 180 ba ita ce abin tsoro ba, rabin kasuwar Maradi da bashi take juyawa kuma kowa ya san abin da rufe boda ya yi wa mutane. Gudun da kake yi shi ne abin tsoro. In mai bincike ya isa wajen alhaji yau, me kake zaton zai ji? Yaron da ya karɓi moto ya ɓuya.

Kuma kar ka ga kamar shisshigi ne suke yi. Ka duba inda ake kai sojojinmu, wajen Madarunfa da Gidan Rumji inda ɓarayin daji ke satar shanu da mutane, da shingayen hanyar Ɗan Isa inda kaya iri-iri ke wucewa. Sojan da bashi ya shaƙe wa wuya, mai bin shi na kiran waya dare da rana, shi ne wanda za a fara lallaɓawa da kuɗi a ce kau da kai mota ɗaya ta wuce, ko faɗa mana ƙarfe nawa za ku fita sintiri. Rayukan abokan aikinshi ne a ciki. Haka wanda ya ɓoye wani abu a bayanshi, duk wanda ya san sirrin ya riƙe mishi wuya ke nan. Shi ya sa nake ce maka in aka tambaye ka ko an taɓa kai ka komisariya, ka ce e, ka faɗi shekarar da dalilin da yadda aka ƙare. Suna da rajista da suke rubuta wanda aka kawo, mai unguwar da ya fiddo ku ma yana nan da ranshi. Faɗan samari na dare ɗaya abu ne da ake iya fahimta, amma in ka ce a'a sannan aka buɗe littafi aka ga sunanka, to yanzu ba mai faɗa ba ne a gabansu, maƙaryaci ne.

Abin da za ka yi satin nan, ka samu babanka ko kawunka ko limamin masallacinku ya raka ka gidan alhaji. Ka ba shi haƙuri, ka faɗi abin da za ka iya kawowa duk sati tsakaninka da Allah, ko jikka 3 ce, kar ka yi alkawarin jikka 10 don ka burge shi. A rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu, kowane biya a rubuta kwanan wata. Ba sabon abu ba ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara wadda ta fi kowace aya tsawo, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma kai da kake neman aikin da ake fita ba a san dawowa ba, ka tuna hadisin da ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Wallahi ko ba don anket ba wannan ya isa ya tashe ka.

Maganar waɗanda za su yi maka shaida kuma, na san halinku, kowa sai ya ce bari in nemo wani babban mutum. Babban da bai san ka ba in aka tambaye shi sai ya ce wane yaro ke nan, ya kashe ka da kalma ɗaya. Tsohon malaminka na makaranta, mai unguwa, liman, shugaban tasharku ta kabu-kabu, waɗannan su ne suka san tashinka. Ka je ka gaishe su ka sanar da su niyyarka tun yanzu. Shi kanshi alhajin in ka gyara tsakaninku yana iya zama wanda zai fi kowa yi maka shaida mai nauyi. Sannan ka leƙa Facebook da TikTok ɗinka, in akwai zage-zage ko hoto da wuƙa ana burga, ka san mutane na gani. Sauran kuma gudu ne da awon likita da jarrabawa, ka ci gaba da motsa jiki, Allah ya kai ka sansanin horon soja na Tondibiya lafiya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanena ya tafi Amurka da dadewa har ya samu takardar zama ɗan ƙasa ya shiga sojansu. Yanzu ya bugo waya wai in turo mishi cikakken sunan kowa a gidanmu da ranar haihuwa da inda muke zaune, har da tambayar ko akwai mai aikin gwamnati ko soja a cikinmu, kuma ya ce mu yi haƙuri zai rage aiken da yake yi sai ya gama biyan wani bashi. Innarmu ta kasa barci, tana cewa ko wani laifi ya yi, ga shi sojojinsu ma sun bar ƙasar nan tun 2024. Daga wata ƴar'uwarku a unguwar Zariya.

AMSA: Hajiya ki kwantar wa Inna da hankali, wannan alama ce ta ana son ba shi aikin da ke da sirri, ba alamar laifi ba. A can duk sojan da zai taɓa bayanan sirri sai ya cike wani fom da ake kira SF-86, ya haura shafi 100, kuma hukumar da ke yawancin binciken ita ce DCSA. Fom ɗin na tambayar inda ya zauna da inda ya yi aiki na shekara 10, da iyaye da ƴan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ƙasarsu da ko suna da alaƙa da gwamnati ko sojan wata ƙasa. Har kuɗin da yake aiko muku sai ya rubuta, domin akwai tambaya kan tallafa wa wanda ba ɗan ƙasar ba. Samun dangi a Nijar ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi, kuma ƙarya da gangan a fom ɗin na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. To ki taimake shi da gaskiya, ki ɗauko takardun haihuwa ki kwafa yadda suke, kar ki yi kintace, in akwai jandarma ko ɗan duwan a gidan ki faɗa mishi.

Ku ba za a sa ku cikin masu shaida ba, mutum 3 ake so waɗanda ba dangi ba da suka san shi sosai cikin shekara 7 da suka wuce, kuma mai binciken kan tambaye su wa kuma ya san shi, kamar dai yadda namu ya tsallaka wajen mai shago.

Batun bashin kuwa da gaskiyarshi. Ma'auni 13 suke dubawa, kuma na kuɗi yana cikin waɗanda suka fi kayar da mutane. Ana tambaya ko akwai bashin da ya yi jinkirin biya fiye da kwana 120, ana kuma jawo tarihin bashinshi daga kamfanonin da ke ajiye shi, ba sai ya faɗa ba. Sun sha wuya ne suka koya. Wani sojan ruwansu John Walker ya buɗe mashaya ta karye bashi ya hau kanshi, a 1967 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Washington ya fara sayar da sirrin sadarwar jiragen yaƙi, bai daina ba sai 1985 da aka kama shi bayan tsohuwar matarshi ta tona shi. Duk da haka dokarsu ta ce a duba dalilin bashin, in rashin lafiya ne ko rasa aiki, kuma mutum yana kan biya da tsari, ana yi mishi sassauci. Abin da ƙanenki ke yi ke nan. Ina roƙonku ku ɗaga mishi ƙafa, yaran nan na waje da yawa da katin bashi suke aiko kuɗin biki da na suna don kar a ce sun manta gida, su kwana da ciwon kai mu nan muna ta sa albarka ba mu sani ba.

TAMBAYA: Malam, maƙwabcina ya roƙe ni in aka zo tambaya kan ɗanshi in ce yaron kirki ne, alhali duk layinmu mun san yana shan tramol har ya taɓa zare wa wani wuƙa. Shekara 30 muna zaune lafiya da uban, ina jin nauyinshi. Daga wani dattijo a Sabon Gari.

AMSA: Alhaji na san nauyin nan, amma bindiga za a ba yaron, kuma ɗan wani ne zai tsaya kusa da shi. Kar ka yi shaidar zur, kar kuma ka ƙara gishiri. In ya daina ka ce ya yi a da, ya daina tun lokaci kaza, ga abin da na gani na canji. In bai daina ba, ka samu uban tun yau ku biyu bayan sallar isha'i, ka ce mishi ba za ka iya ba, gara ya ji daga bakinka da ya ji daga baya. Ku haɗu ku kai yaron asibiti a taimaka mishi ya rabu da ƙwayar tukuna, shekarunshi in da saura ya nemi ɗauka ta gaba.