Tambaya da Amsa: Wane ne Krishna Kanta Handique?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina neman gurbin karatu a Indiya, sai na ci karo da wata jami'ar karatu daga gida a jihar Assam mai ɗauke da sunan Krishna Kanta Handique. Shin ɗan siyasa ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ba ɗan siyasa ba ne, masani ne na harshen Sanskirit, tsohon harshen adabi da addini na Indiya. An haife shi a garin Jorhat a 1898, ya yi karatu a Guwahati da Kalkata, sannan ya wuce Jami'ar Okisfod a Ingila, ya kuma zurfafa a harsunan Turai a Faransa da Jamus. Da ya dawo gida, ya shugabanci wata kwaleji a Jorhat daga 1930, kafin ya zama shugaban farko na Jami'ar Gauhati daga 1948 zuwa 1957.

Abin da ya fi ɗaga sunansa shi ne fassarar Naishadhacarita zuwa Turanci a 1934, wata doguwar waƙa ta ƙarni na 12 wadda masana da kansu suke shakkar tunkararta saboda sarƙaƙiyar kalmominta. A ganina, wannan aiki kaɗai ya isa a tuna da shi. Duk da haka bai juya wa harshen uwa baya ba, domin ya shugabanci ƙungiyar adabin Assam, wato Asam Sahitya Sabha, a 1937. Ya rasu a 1982.