Ƙanwata, ba kishi ba ne

Kin ce shekararku uku da aure, yana binciken wayarki, ya hana ki zuwa gidanku, sau biyu ya mare ki, washegari kuma ya shigo da atamfa yana ba ki haƙuri. Kina tambaya ko kishi ne irin na maza. Ni ma da wannan sunan na kira nawa har shekara tara.

Zo mu zauna zo mu saɓa, ai harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma saɓani daban, tsoro daban. Ni ƙarar mashin ɗinsa kawai zan ji a ƙofar gida gabana ya faɗi, in koma in sake ɗanɗana miyar da na riga na ɗanɗana sau uku, yara kuma su yi tsit su shige ɗaki ba wanda ya kore su. Kafin hannu ya fara sauka, sai da ya raba ni da kitson da nake yi, ya fitar da ni daga adashi, ya ce ƙawayena ne ke hure min kunne. Ranar da dukan ya zo, ba ni da ko kuɗin adaidaita, ba ni da wadda zan kira. Atamfofin ban haƙuri kuwa sun cika min akwati.

Abu ɗaya kada ki yi wasa da shi: in ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauki wuƙa, ko ya ambaci kisa ko da cikin fushi ne, kada ki tsaya jiran na gaba. Kuma kada ki yi masa barazanar tafiya. Lokacin da irinsu suka fahimci mace za ta kuɓuce musu ya fi kowane lokaci haɗari.

Ni a ɓoye na shirya. Takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa da 'yan kuɗin da na tsakura daga cefane, a ƙasan bokitin markaɗe na fitar da su zuwa wajen maƙwabciyata. Ita ta ajiye min ƙaramar waya, muka yi da ita in ta ji na buga bango sau uku ta turo mijinta. A asibiti na daina cewa a banɗaki na zame, na faɗa wa likita gaskiya ya rubuta. Katin asibitin nan ya yi min rana a gaban alƙali.

Innata cewa take haƙuri dai, haƙuri dai, ita ma da shi aka rene ta. Kawuna da ya yi min waliyyi ne ya saurare ni. Ki duba cikin danginki wanda bakinsa ke da nauyi kuma yake riƙe sirri. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a naɗa mai sulhu daga danginsa da kuma daga danginki. In za a zauna, a gida ko a Hisbah, kada ki je ke kaɗai, kuma ki ce a rubuta sharuɗɗan.

Sai a kotu na san khul'i, wato mace ta mayar da sadaki a raba auren, ba shi ne kaɗai mafita ba. A mazhabar Malikiyya, in cutarwa ta tabbata, alƙali yana raba auren ba tare da kin mayar da sadaki ba. Ga kuma dokar VAPP ta 2015, wadda ta ɗauki dukan mata da tsoratarwa a matsayin laifi, Kaduna da nake zaune ta amince da ita a 2018. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali kyauta. Lambar gaggawa 112 ce, ki haddace ta.

Tunda yana duba wayarki, da kin gama karantawa ki goge tambayarki da duk amsoshin nan.