Japanawa 'yan Shinto ne ko mabiya Buddha?

Malam, ka tambaya yadda aka yi mabiya Shinto da na Buddha a Japan, idan aka haɗa alƙalumansu, suke zarce yawan mutanen ƙasar. Mutum ɗaya ne ake ƙirgawa sau biyu. Jariri ana kai shi wurin bautar Shinto a sa masa albarka, mamaci kuwa malaman Buddha ne ke masa addu'a kafin a ƙona gawar.

Shinto ɗan gida ne, bautar "kami", wato alloli ko ruhohi, na duwatsu, koguna da kakanni. Addinin Buddha ya shigo daga Koriya a ƙarni na 6, suka cakuɗe fiye da shekara dubu, har haikalin wannan kan zauna a harabar wancan. A zamanin mulkin gidan Tokugawa (1603 zuwa 1868) an tilasta wa kowane gida yin rajista a haikalin Buddha don a zaƙulo Kiristoci, bayan haramta addininsu a 1614. Gwamnatin Sarki Meiji ce ta raba Shinto da addinin Buddha a 1868, ta jingina sarauta da Shinto, sai tsarin mulkin 1947 ya raba addini da gwamnati.

Inda mutane ke yawan kuskure shi ne ɗaukar littafin Kojiki na shekarar 712, mai ɗauke da labaran allolin Shinto da sarakunan Japan, tamkar tarihi tsantsa. Sarakunan farko da ya lissafa, irin su Jimmu, almara ce ta fi yawa a labarinsu. In aikin makaranta kake yi, nuna wa malamin tarihi kafin ka kafa hujja da shi.