Kyamara na fitowa a jikin zobe idan na ɗauki hoto

'Yar'uwa, kin ce duk lokacin da kika ɗauki hoton zobe ko sarƙa sai ki ga kyamara da inuwarki a jikinsu. Gogaggen zinare da azurfa tamkar madubi suke, duk abin da ke gabansu shi za su nuna. Saboda haka abin da ke kewaye da zoben za ki gyara.

Fara da kashe filashin kyamara. Ki zagaye kayan da farin yadi marar kauri, fitilu su tsaya a bayan yadin, yadda hasken zai bazu ya yi laushi. Ta gaba kuma ki sa farin kwali, ki huda shi daidai girman idon kyamara. Idan kika ja baya kika zuƙo hoton, baƙin ɗigon da idon kyamara ke bari a jikin zoben zai ƙanƙance sosai.

Amma kada ki kashe ƙyallin gaba ɗaya, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Zoben da ya zama fari fat sai ya yi kama da roba. Ni nakan ajiye siririn baƙin kwali a gefe guda, ya zana baƙin layi a jikin ƙarfen, siffarsa ta fito. Ki riƙa motsa kwalin kaɗan-kaɗan kina duba allon kyamara.

Gilashin rage ƙyalli da ake ɗaura wa kyamara yana aiki a kan dutsen ado da gilashi, amma a kan ƙarfe ba ya taɓuka komai, kada ki ɓata kuɗinki dominsa. Sannan ki goge kayan ki sa safar hannu, don shatin yatsa da ƙura suna fitowa ɓaro-ɓaro a hoton kusa.