Tambayi Kafinta: Yadda Za a Ci Moriyar Ƙarƙashin Matattakalar Bene

Tambaya: Malam, ƙarƙashin matattakalar benenmu ya zama juji: takalma, bokitai, tsofaffin akwatuna, komai nan ake wurgawa. Ina so in sa a yi kantoci a wurin. Matattakalar ta kankare ce, faɗinta mita ɗaya. Ta ina zan fara, kuma wane katako zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, kwashe kayan ka ɗauko tef ɗin awo da alli. Ka bi ƙasa kana sa alama duk bayan santimita 30, a kowace alama ka auna daga ƙasa zuwa cikin matattakalar. Ka auna ta bakin wurin, ka sake aunawa ta jikin bango, domin da wuya awon biyu su zo ɗaya. Kankare da filasta ba sa tafiya a miƙe kamar yadda ido yake gani. Ƙaramin awon shi za ka riƙe, ka kuma rage masa santimita 2. Idan tsayin kowane taki santimita 18 ne, faɗinsa 27, to duk mita ɗaya da ka matsa rufin zai sauko da kusan santimita 67, karkatar kuwa digiri 34 ce ko kusa da haka. Amma kada ka ba kafinta lissafi kawai. Ka jingina babban kwali a wurin, ka zana karkatar a jikinsa, ka yanke, ka gwada. A kan wannan kwalin za a yanka katako.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zurfi. Wurinka mita ɗaya ne, hannun mutum kuwa bai wuce santimita 60 yake kaiwa ba. Kantar da ta cinye zurfin duka, abin da ya shige can ƙuryarta sai ranar tashi daga gidan za a sake ganinsa. Don haka ka raba wurin gwargwadon tsayi. Inda mutum zai iya tsayawa, a bar hanyar shiga, a jera kantoci masu zurfin santimita 30 zuwa 40 a jikin bango, a kafa maratayi na tsintsiya da lema. Tsakiya, inda tsayin yake tsakanin santimita 60 da 130, wurin durowa ne mai jawowa. Can ƙarshe inda bai kai santimita 40 ba, a toshe shi da katako kawai. Wahalar ƙera wani abu a wannan lungun ta fi amfaninsa, in an bar shi a buɗe kuma ƙura da gizo-gizo ne za su tare.

Katako kuwa, filawud mai kaurin milimita 18. Fallensa ɗaya santimita 122 ne a 244, in aka tsaga shi a tsaye zai ba ka dogaye uku masu faɗin santimita 40, kusan ba asara. A ƙera akwatuna biyu ko uku daban-daban, kowanne da tsayinsa, a tura su ciki a ɗaure su da juna da sukuru. Su tsaya da ƙafarsu a ƙasa, a kama su da bango, kada a rataya komai a jikin matattakalar. Huda cikin kankaren na iya cin karo da rodi. In da ta katako ce ma, ba a yanka ko sassaƙe dogayen katakan gefe da suke ɗauke da takun, ko da santimita ɗaya ce ta hana akwatin shiga. Akwatin ake ragewa.

Wajen kamawa da bango, a huda rami na milimita 8, zurfinsa ya ɗara robar fisha (robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru) da santimita ɗaya, a sa sukuru mai kaurin milimita 5. A kauce wa layin da ya miƙe sama, ƙasa ko gefe daga soket da makunnin wuta, domin ta nan waya take bi.

Tambaya: An yi mini kantoci wata shida da suka wuce, tsawon kowacce santimita 120, na jera littattafai. Yanzu duk sun yi ciki a tsakiya. Katakon ne marar kyau?

Amsa: Malama, ko da katakon mai kyau ne, tazarar ta yi masa yawa. Littattafan da suka cika mita ɗaya nauyinsu kan kai kilo 30. Filawud na milimita 18 yana ɗaukar wannan in tazarar da ke tsakanin madogarai ba ta wuce santimita 75 zuwa 80 ba. In MDF ne (allon da aka haɗa da garin katako da gam) ko katakon dusa, kada tazarar ta wuce 60. Lanƙwasa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawo: in kika ninka tsawon kanta sau biyu kika cika ta da littattafai, cikin da za ta yi ninki goma sha shida ne.

Gyaran ba ya buƙatar rushe komai. A sauke kayan, a juya kantar cikin ya kalli sama, a tsaya wani katako a tsakiya tun daga ƙasa har kantar ƙarshe, kowane madogari a saitin na ƙasansa. In ba kya son a raba wurin, a manna sandar katako mai ƙarfi ta santimita 2 a 4 a bakin kantar, a tsaye bisa gefenta, da gam da sukuru duk bayan santimita 20, wata kuma a jikin bango ta tallafi bayan. Manyan littattafai su koma kantar ƙasa.

Tambaya: Kabad ɗin da ke ƙarƙashin benenmu yana wari, takalman fata suna yin fumfuna, durowar kuma tana cijewa.

Amsa: Ranki ya daɗe, duka ukun abu ɗaya ne ya haife su: danshi. Katako ya sha laima ya kumbura, shi ya sa durowar take cijewa. Sai a fara gano daga ina yake zuwa. Ki manna leda mai kauri, kamar santimita 45 a 45, a ƙasa ko a jikin bangon, ki rufe gefunanta huɗu da selotef, ki bar ta kwana ɗaya ko biyu. In raɓa ta taru a ƙarƙashin ledar, ruwan daga cikin ginin yake fitowa, wannan aikin magini ne ko mai gyaran famfo, musamman in akwai banɗaki a bayan bangon. In a saman ledar ta taru, iska ce ba ta zagayawa.

Na biyun yana da sauƙi. A ɗaga kabad ɗin a kan gindi mai tsayin santimita 8 zuwa 10, a janye shi daga bango da santimita 3, a huda ramukan iska a saman ƙofa da ƙasanta. Duk bakin katakon da zarto ya ci a shafe shi da banish ko fenti, har wanda ido ba ya gani, domin ta nan ruwa yake shiga. Tazarar da aka bari tsakanin kabad ɗin da bango kuma ita za ta ba ki damar haska tocila ki ga hanyar gara tun ba ta yi nisa ba.

Game da durowar, ƙarfen gefe da take gudu a kansa, mai ƙananan boris, yana son milimita 13 a kowane ɓangare, wato durowa ta gaza ramin da kusan milimita 26. Na yau da kullum bai wuce kilo 35 zuwa 45 yake ɗauka ba. Durowa mai zurfin santimita 90 sai ƙarfe na musamman mai ɗaukar kilo 100, ko a sa mata ƙananan tayoyi ta riƙa gudu a ƙasa in daɓen a shafe yake. Lallai a ɗaure kabad ɗin da bango, don doguwar durowa cike da kaya in aka jawo ta gaba ɗaya tana iya rinjayarsa.

Tambaya: Ƙofar kabad mai karkataccen sama, ta wane gefe ake sa hinjis? Kuma zan iya ajiye tukunyar gas a ciki?

Amsa: Ta dogon gefen. In ka sa a gajeren, dogon bakin zai juyo wajen da rufin ya yi ƙasa ya bugi matattakalar. Ƙofar da ta wuce mita ɗaya a ba ta hinjis uku, a bar milimita 3 a kewayenta.

Tukunyar gas kuwa a'a, Alhaji, haka fetur da kananzir da tina, wato ruwan tsinka fenti. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo kwanciya yake yi a ƙasan kabad ɗin ya taru, matattakala kuma ita ce hanyar da mutanen sama za su bi su sauko in gobara ta tashi. Fitila ma in za a sa a ciki, a sa LED wadda ba ta zafi, mai aikin lantarki ya ja wayarta.