Me Ya Sa Mawaƙiya Ke Sauya Shiga Da Ta Cika 18?

Tambaya: Mawaƙiyar Amurka da 'yata ke so ta koma shigar tsiraici da ta girma. Me ya jawo? Daga wata uwa, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Hajiya, galibi lissafin kasuwa ne. Yaran da ke sauraronta sun girma, kamfanin waƙa na tsoron su watse, sai a rage mata sutura a bidiyo don a ce ta bar yarinta. A yawancin jihohin Amurka, mai shekara 18 na sa hannu a kwangila ba sai da iyaye ba. Misali, mawaƙiya Miley Cyrus ta gama shirin yara na kamfanin Disney a 2011, zuwa 2013 ta sauya kamanni gaba ɗaya. Surutun jama'a kuwa talla ce kyauta. Wata da son ranta take yi, wata matsin manaja ne. Ki zauna da 'yarki, ki tambaye ta aljihun wa kuɗin ke shiga.